Sunan da Na Haɗiye a Kalgo

Tun ranar da aka kawo ni ɗakin Malam daga Malisa zuwa Gwandu har ranar da ya bar duniya, sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Ni ban iya rubutu ba. Autata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata in ta ga kuka ya ci ƙarfina kada ta rarrashe ni, ta jira kawai in share hawaye mu ci gaba.

Haka muka taso. Mace ba ta kiran sunan miji, ba ta kiran na ɗan fari. Amma ni na wuce sa'o'ina a wannan. Duk yaron unguwa da ya ci sunansa, mai sunan Malam nake ce masa. Akwai wani mahauci a kasuwa mai wannan suna, in zan aika a sayo nama sai in ce a je wurin gajeren nan mai tsaga a kumatu. Da aka zo yi mana katin ɗan ƙasa, ma'aikaciyar ta tambaye ni sunan maigidana, na sunkuyar da kai na yi shiru, har sai da wata maƙwabciyata daga bayan layi ta faɗa mata. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, takan nuna ni ga sababbin amare ta ce su koyi kunya a wurina. Ina jin daɗin wannan yabo. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: na riƙe shi kamar yadda wata take riƙe 'yan kunnenta na zinariya.

Malam manomi ne, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Ba malamin allo ba ne, girmamawa ce kawai ta sa nake ce masa haka. Mutum ne mai barkwanci, kuma wannan kunya tawa ita ce abin wasansa har muka tsufa. Yakan dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarma, ya ɓata fuska kamar mai damuwa.

"'Yar Malisa, wani baƙo ya tambaye ni sunana yanzu, na nema na rasa. Taimake ni."

"Koma ka tambayi wanda ya raɗa maka."

"Ya rasu."

"To sai ka yi haƙuri ka zauna haka."

"Tunkiya zan ba ki, mai ciki. Sau ɗaya kawai. In kunyata kike ji, sa bakinki cikin tulu ki faɗa, ni in tsaya daga zaure."

"Riƙe tunkiyarka."

"Ranar da na ɓace a kasuwa, in ga yadda za ki yi cigiya."

"Sai in ce wa ya ga wani tsoho mai karkatacciyar hula da yawan surutu."

Sai ya yi dariya har ta koma tari. 'Ya'yanmu sun tashi suna jin wannan zance na tunkiya.

Ɗanmu na fari a Kalgo yake zaune, yana gyaran injin ban-ruwa na masu noman shinkafar rani. Ya daɗe da aure ba haihuwa. Da labari ya zo cewa matarsa ta samu ciki, laulayi kuma ya kwantar da ita, Malam ya ce mu je mu duba ta da kanmu. Muka ɗauki ɗan buhun albasa da gero da zabi biyu da aka ɗaure wa ƙafa. Muka bi ta Birnin Kebbi, motar ta sauke mu a bakin titi a Kalgo da hantsi, ranar kasuwa, ana zafin bazara. Yaron ya ce zai tarbe mu da babur. Muka duba, ba ya nan.

Malam ya ce in zauna a inuwa wurin masu sayar da nono, shi ya tsallaka ya kwaso kayan, don a wancan gefen direba ya jibge su, a bayan wata babbar mota da aka loda wa buhunan shinkafa. Na zauna ina kallonsa. Ɗaya daga cikin zabin ta kusa kwance igiyarta, sai ya tsuguna yana sake ɗaure ta, ya ba motar baya. Ga ƙarar injin niƙa, ga oda, ga masu talla. Ban ji tashin motar ba. Tayoyinta na gani sun fara juyawa da baya.

Na miƙe na ce, "Malam!"

Mai shayi ya waiwayo. Mai facin taya ya waiwayo. Wani da ke jan akuya ya tsaya ya dube ni. Na ƙara ɗaga murya, "Malam!" Wasu ma suka juyo, har wani ya ce mini, "Na'am?" Duk namijin da ke wurin nan Malam ne. Shi kaɗai bai juyo ba. Wa zai amsa Malam a kasuwar garin da ba nasa ba?

Sai sunan ya taso mini. Na ji shi a ƙirjina, ya hau maƙogwaro, ya zo kan harshe. Sunan da ya shekara da shekaru yana roƙo in faɗa, wanda in ya ji shi da muryata ko a cikin taron Idi ne sai ya ɗaga kai. Na buɗe baki. Sai na ga idanun mazan nan duka a kaina, baƙi, ban san ko ɗaya ba. Na rufe bakin. Ƙiftawar ido ne kawai. Da na sake buɗewa, Malam ɗin dai na ce, kuma motar ta riga ta kai.

Ba zan faɗi abin da na gani ba. Abin da na tuna bayan haka shi ne zabuwar nan tana gudu tsakanin ƙafafun mutane da igiya a ƙafa ɗaya, da hannun wata Bafulatana mai nono da ta riƙe ni kada in faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka kawo shi Gwandu, aka yi masa sutura kafin magariba.

Ana zaman makoki sai ga direban ya zo da dattawan garinsu. Saurayi ne, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce yaron motarsa ya tafi sayen ruwa, shi kuma ya duba madubi bai ga kowa ba. Ɗana ya tara ƙannensa, suka ce sun yafe, ba sa neman komai. Daga cikin gida ina jin maza suna sa musu albarka. Aka shigo da direban ya durƙusa a ƙofar ɗakina, na ce masa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ina kallon ƙeyarsa yana fita, na ji ina yi masa hassada. Nasa laifin an gani, an auna, an sauke masa. Nawa yana cikina, ba wanda ya sani.

Mata kuma suna ta yabona. Yayar Malam, wadda nake kira Yaya, tsohuwa ce mai ƙarfin murya, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta nuna ni.

"Kun ga wagga baiwar Allah? Tun tana amarya har yau ba ta taɓa kama sunan ƙanena ba. Ko a can Kalgo, mota na bisa kansa, Malam take cewa. Irin su sun ƙare."

Matan su ce Allahu Akbar, su ce wannan ita ce tarbiyya. Ni kuma in ja mayafi in rufe fuska, su zaci kunya ce irin wadda suka sani.

A cikin masu zuwa gaisuwa har da mai nonon nan da ta riƙe ni. Ashe daga wajen Diggi take, kuma ita ke kai nono gidan ɗana. Ta tsuguna kusa da ni, ta kama hannuna ta matse, ta yi ƙasa da murya.

"Na ga bakinki ranar nan, Inna. Allah shi ba ki haƙuri."

Na ce a raina shi ke nan, akwai wadda ta gani. Tun daga ranar, duk sallamar da na ji daga zaure sai gabana ya faɗi, in ce ko an zo da maganar.

Na shiga takaba. Mutane sun san mai takaba da rama da shiru, don haka ba wanda ya ga wani abu daban. Ina sallah a kan lokaci. Amma in na sallame na ɗaga hannu na ce, "Allah ka jiƙan Malam," sai in ga mai shayi ya waiwayo, mai faci ya waiwayo, in ji wancan yana cewa na'am. Sai in sauke hannun. A hankali na daina ɗagawa. Ina yi wa iyayena addu'a, ina yi wa 'ya'yana, in na zo kansa sai in shafa in tashi. Da wane baki zan roƙa masa? Tuwo in an kawo sai in taɓa in tura wa jikokin maƙwabta. Hularsa tana rataye a ƙusa, ban iya kallonta ba, ban kuma iya cewa a cire ba.

Wata rana da la'asar ina tsintar wake, rediyon maƙwabta na kunne, wani malami yana wa'azi a kan faɗin rahamar Allah, yana cewa babu zunubin da ya fi ƙarfin gafararsa. Na tsaya ina saurare, har ƙirjina ya fara sakewa. Sai ya ƙara da cewa amma haƙƙin mutum, sai mai shi ya yafe. Na ajiye faifan. Mai haƙƙina yana cikin ƙasa. Na tuna direban nan: da mai rai ya tafi, magadansa ne suka yafe masa. Ke nan in akwai wanda zai sauke mini wannan kaya, ɗana na fari ne. Ɗan da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, wanda in zan ba shi saƙo sai in faɗa wa ƙanwarsa alhali yana tsaye a wurin. Shi zan kalla in ce masa na ga mutuwa ta nufo ubanka, na zaɓi mutuncina a gaban baƙi. In ya juya mini baya, ba ni da miji, ba ni da ɗa. In na yi shiru, in tafi kabari da shi.

Na fita takaba ba da daɗewa ba matar ɗana ta sauka, namiji. Ya kira autata a waya ya ce a gaya mini sunan mahaifinsa zai sa, kuma lalle in zo. Na ce ƙafata na ciwo. Washegari sai ga Yaya da ƙullin kayanta.

"Matarmu, tashi. An maido miki da miji sabo ful, kina nan kwance?"

"Yaya, ƙafar nan ce."

"Wace ƙafa? Wadda na ga kin bi akuya da ita jiya har bakin rijiya? Tashi ki ɗaura zane, kada kishiyoyi su riga ki."

"Ku je ku wakilce ni."

Ta daina dariya, ta dube ni sosai. "Mi ke damunki? Kowa ya yi rashi. Ni ƙanena ne, ciki ɗaya. In ba ki je ba mi za a ce wa yaron nan? Uwarsa ba ta murna?"

Na ɗaura zane.

Da motar ta doshi wurin nan a Kalgo na ja mayafi na rufe ido, amma kunne ba ya rufuwa. Injin niƙan yana nan yana ƙara kamar ba a yi komai ba. A wannan karon ɗana yana tsaye tun kafin mu iso, ya kama kayanmu da kansa bai bar kowa ya taɓa ba.

Ana gobe suna, da safe, na ji muryar da nake tsoro tana sallama a tsakar gida. Na shige ɗakin mai jego na zauna a bayan ƙofa. Bai yi amfani ba. Aka ce mata ai Inna ta Gwandu ta zo, ta ajiye ƙwaryarta ta leƙo da fara'arta. Na ga in na bari ta yi magana a gaban mutane na mutu. Na kama hannunta na ja ta bayan madafa, inda ake tara itace.

"Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah ki gaya mini. Kin faɗa wa wani?"

"In faɗi mi, Inna?"

"Abin da kika gani. Kin ce kin ga bakina."

"Na ga bakinki na rawa, kina kira har muryarki ta dushe. Na ce wagga tsohuwa ta yi iyakar ƙoƙarinta. Shi ne na ce Allah shi ba ki haƙuri."

Na zauna a kan itacen. Duk watannin nan ina gudun matar da ba ta san komai ba. Ga shi kuma yanzu da bakina na nuna mata akwai abin sani. Tana tsaye tana jira. Sai na faɗa mata, duka, har da idanun mazan.

Ta tsuguna.

"Mu a ruga mun fi ku wannan ciwo. Da ni ce, ban sani ba ko Malam ɗin ma zai fito." Ta ɗago kai. "Amma Inna, ke kina ganin ke kaɗai kika kira shi ranar nan? An riga ki. Wanda aka aiko ya ɗauki ransa bai ce Malam ba. Da sunansa ya zo, da na ubansa, da wurin, da lokacin."

"Da na faɗa da ya juyo."

"Wataƙila. Wataƙila kuma ya juyo ya tsaya yana kallonki don mamaki. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Kina yi masa addu'a dai?"

Na girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Tun cikin takaba."

"Subhanallahi." Ta tafa hannu a hankali. "To ni wannan na gani. Wancan ƙiftawar ido ne, ba ki shirya shi ba. Wannan kuwa kullum kike yi, bayan kowace sallah. Mutum na kwance yana jiran addu'ar matarsa, ke kina nan kina yi wa kanki shari'a. Wa ya naɗa ki alƙali?"

Aka ƙwala mata kira daga tsakar gida ana neman nono. Ta tashi ta kaɗe zane ta tafi, ta bar ni a kan itace.

Maganarta ta shige ni, amma ba ta sauke kayan ba. Saura mai haƙƙi. Bayan la'asar na hango ɗana shi kaɗai a zaure yana zuba wa ragon suna dusa. Na je na tsaya a bakin ƙofa.

"Kai. Zo."

Ya waiga ya ga ko da wani nake. Sannan ya wanke hannu ya zo ya durƙusa. "Ga ni, Inna."

Ban iya kallonsa ba. Bango na fuskanta na yi maganar. Na ce masa na ga motar tun da ta motsa. Na ce sunan ya zo bakina na maida shi don mutane na kallona. Na ce yadda kuka yafe wa direba, ni ma na zo neman nawa, in ka ga ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba.

Ragon yana ta cin dusarsa. Na jira ya ce wani abu, ko da zagi ne. Sai na ji ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya fita. Na ji tashin babur.

Bai dawo cin tuwo ba. Matarsa ta tambaya, aka ce wataƙila yana wurin sayen goro. Yaya ta dube ni ta gefen ido. Ban sake ganinsa ba har gari ya waye.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida. Ina zaune a ɗakin mai jego da jaririn a cinyata, ina jin liman yana addu'a ana amsawa. Na riga na ƙulla kayana. Na ce da an shafa fatiha zan nemi mota in koma Gwandu kafin a ga yadda ɗa yake kauce wa uwarsa. Aka shafa, aka sanar da sunan, mata suka rangaɗa guɗa. Nan take suka fara gardamar laƙabin da za a ɓoye sunan da shi, wannan ta ce Abba, waccan ta ce Baffa.

Sai ɗakin ya yi tsit. Ɗana ne a bakin ƙofa, wurin da maza ba sa zuwa a irin wannan rana. Idanunsa sun yi ja. Ya roƙi matan su ɗan ba mu wuri, suka fita, sai Yaya da ta ce ita ba inda za ta, gidan ɗan ƙanenta ne. Ya durƙusa.

"Inna, jiya bakin titin nan na tafi. Na tsaya inda kika tsaya." Ya ci gaba. "Ni na ce zan tarbe ku. Har na hau babur wani ya kawo inji, ya ce shinkafarsa na ƙonewa. Na ce bari in ɗaure masa, ba zai daɗe ba. Da ina wurin, ni zan tsallaka in kwaso kayan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da direban nan ya zo yana kuka, na yi saurin yafe masa ne don na san ba shi kaɗai ba ne."

Ban san lokacin da na dube shi ba, ido cikin ido, abin da ban yi ba tun yana goye.

"Bayan asuba na tambayi liman, ban ce mu ba ne. Ya ce ajali ba ya jiran kowa, ba ya kuma rigan lokacinsa. Ya ce yawan cewa da na yi kaza ƙofa ce da Shaiɗan ke shiga. Ya ce wanda ya ga ya gaza ya nemi gafara, ya yi wa mamacin addu'a da sadaka, kada ya yanke ƙauna, don yanke ƙaunar ya fi gazawar muni." Ya sunkuyar da kai. "Ni ban ga abin da zan yafe miki ba, Inna. Amma in sai kin ji, na yafe, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini."

Na ce na yafe. Da ƙyar ta fito. Yaya tana gefe, ta gane abin da ake ciki, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ni kuma ina ta yabonki a gaban mutane," ta ce. "Ina ta zuba miki barkono. Don mi ba ki ce in yi shiru ba?"

"Wa ya taɓa sa ki shiru, Yaya?"

Ta yi wata dariya da kuka a ciki, ta ɗaga murya ta ce matan su dawo. Suka shigo suna kallon fuskokinmu. Wata daga dangin mai jego, don ta gyara zaman, ta ce, "To amarya, ga angonki. Mi za ki riƙa ce masa? Maigida ko mai sunan Malam?"

Na dubi yaron. Yana barci, ya dunƙule hannu. Ɗakin cike da mata, yawancinsu baƙi, duk idonsu a kaina, kamar ranar nan. Sunan ya taso ta hanyar da ya bi a da, ƙirji, maƙogwaro, harshe. Na ji kunyar ta zo ita ma, ba ta fasa ba. Na bar ta ta zo, na buɗe baki na faɗa. Ba da raɗa ba. Har na waje sun ji.

Ba wadda ta yi motsi. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi a hankali. Sunan ya yi mini baƙo a baki, kamar abincin da na shekara ina dafawa ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na sake faɗa. Yaron ya motsa, ya buɗe ido ɗaya.

"Kin ci tunkiya," in ji Yaya, hawaye na bin kumatunta. "Sai dai mai bayarwa ya gudu."

Da azahar na shimfiɗa darduma a bayan madafar nan. Na sallame, na ɗaga hannu. Na nemi gafarar abin da na yi a bakin titi, da abin da na yi bayansa na hana shi addu'a, da alfaharin da na yi da kunyata shekara da shekaru. Sannan na ambaci Malam da sunansa da na mahaifinsa, na roƙa masa rahama. Ba mai shayi, ba mai faci. Na daɗe a wurin.

Ba zan ce na warke a ranar ba. Har yau in na ji babbar mota tana ja da baya sai in kau da kai, kuma ban san ko da ya juyo ba. Na bar wannan a wurin Wanda ya sani. In tunanin ya taso sai in yi istigfari, in yi masa addu'a, in tashi in kama wani aiki. Wata rana ya tafi da wuri, wata rana ya wuni. Na sauke hular daga ƙusa na wanke ta. Ina kuka har yanzu, ga shi autata tana gani, amma kukan kewa ne, irin wanda ake yi a gaban mutane.

Bayan suna da 'yan kwanaki ina zaune a Gwandu sai ga mai babur da tunkiya ɗaure a baya, cikinta ya yi nauyi. Ya ce daga Kalgo, an ce ba sai an yi bayani ba. Tana nan, ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu. Duk wanda ya girma ina sayarwa in yi wa Malam sadaka.

Yaron yanzu ya yi ƙafa. In an kawo mini shi hutu ba ya zama, da ka ɗauke ido ya nufi zaure, daga zaure kuma sai hanya, inda babura ke wucewa. Kowa a gidan Abba yake ce masa, ba ya ko kulawa. Ni kuwa daga inda nake zaune nake ɗaga murya in kira shi da cikakken sunansa, har maƙwabta su ji ta kan katanga. Na san wasu na cewa tsohuwar nan ta zubar da kunya da tsufanta. Su yi ta faɗa. In na kira, yana tsayawa, ya waiwayo.